Tsohuwar Holan a shagona na Gwammaja

Sunanta Aechje Claesdr, kuma tana da shekara 83 lokacin da ta zauna aka zana ta. Ba ƙiyasi nake yi ba, mai zanen ne ya rubuta shekarun a jikin allon, ya sa sunansa da shekarar aikin: Rembrandt, 1634. Shi kuwa a lokacin bai wuce shekara 28 ba. Bai daɗe da baro garinsu Leiden ya koma Amsterdam, duk a ƙasar Holan, ba, kasuwarsa ta zanen fuskokin attajirai ta buɗe, a shekarar ce ma ya yi aure. Matar mutuniyar Rotterdam ce, mijinta mai masana'antar giya ne, ya mutu ya bar ta. A wannan shekarar dai Rembrandt ya zana ɗanta, Dirck Pesser, da matar ɗan. Yau an rarraba su: uwar tana gidan tarihi na National Gallery a Landan, ɗan yana Los Angeles a Amurka, surukar tana Amsterdam.

Allon na katakon oak ne, mai siffar ƙwai, tsayinsa wajen santimita 71, faɗinsa 56. Abin da ke kansa kaɗan ne: baƙar riga, farar hula ta lilin, wata faffaɗar kwala mai ninki-ninki da ta zagaye wuya, sai fuska. Ba hannu, ba kujera, ba littafi. Ba ta ma kallon mai kallonta. Idonta ya ɗan sauka ƙasa, hankalinta ya tafi wani wuri. Wannan fuskar ce na yi ta fama da ita tun ƙarshen damina har cikin hunturu, a shagon ƙofar gidanmu da na mayar ɗakin aiki.

Ni ɗan fensir ne. Na daɗe ina zana fuskokin mutane da fensir da gawayi daga hoton da za a turo mini ta WhatsApp: ango da amarya, mai murnar ranar haihuwa, shugaban ofis da zai yi ritaya ana son a ba shi kyauta. Duk mai wannan sana'a a Kano ya san maganar da ke biyo bayan hoton: "Don Allah ka ɗan gyara ni." A rage kumatu, a share ƙuraje, a ɗan haska fata, a miƙe hanci. Idan hoton uwa ne ko kaka, 'ya'yan ne za su ce a cire tamoji. Wayar ma, tun kafin hoton ya iso hannuna, ta riga ta goge rabin fuskar. Na ƙware a sharewa, ana kuma biyana a kan haka, ba na ƙorafi. Sai dai da na so in shiga fentin mai, na san ba da wannan idon zan shiga ba.

Akwai wani dattijo a Fagge da ya yi karatun zane a Zariya, ya daɗe yana rubutun allunan shaguna da zanen bayan manyan motoci kafin injin buga allunan talla ya cinye musu kasuwa. Malam nake ce masa. Na kai masa hotuna a waya ya zaɓa mini wanda zan fara kwaikwaya. Ya wuce 'yan matan da sauri, bai ko tsaya ba.

"Ɗana, kada ka fara da budurwa," in ji shi. "Fuskar budurwa ɓoye ƙashi take yi. Ta tsohuwa ce za ta nuna maka inda Allah ya ajiye kowane ƙashi. Ka iya wannan, sauran wasa ne."

Na ce masa ina jin nauyin a ce kwafi nake yi. Ya yi dariya har da tari. Almajiran Rembrandt kansa, irin su Ferdinand Bol da Govert Flinck, da kwaikwayon aikin maigidansu suka tashi, kuma iyayen yara biya suke yi a ba su wannan damar. A gidan tarihi na Louvre a Faris har yau ana ba masu zane izini su kafa allo a gaban tsofaffin ayyuka su kwafa. Van Gogh, wani shahararren mai zane ɗan Holan, cikin shekarunsa na ƙarshe, ya zauna yana maimaita ayyukan masu zanen Faransa Millet da Delacroix. A nan gida ma, Aina Onabolu, wanda ake kira uban zanen zamani a Nijeriya, da kwaikwayon hotunan jaridu da littattafan Turawa ya koya wa kansa a Legas, kafin ya tafi Landan karatu a 1920. Kuma mu da muka taso muna ganin yadda ake koyon zayyana, yaro yana bin hannun malaminsa layi bayan layi, bai kamata abin ya zame mana baƙo ba.

Akwai tambayar da na san tana bakin wasu, don a gida aka fara yi mini ita kafin a yi mini a waje: zanen abu mai rai fa? Hadisan gargaɗi ga masu yin sura suna nan cikin Buhari da Muslim, ba mai musun su. Malamai sun yi saɓani ne a kan abin da ya shiga ƙarƙashinsu. Abin da ya shahara a fiƙihun Malikiyya shi ne haramcin yana kan sura mai jiki, mai inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika, ita kuwa wadda aka zana a shimfiɗe a kan takarda ko bango, karhanci aka ba ta. Wasu malaman, kuma suna da yawa a garin nan, sun hana duka. Ni ba malami ba ne. Na tambaya, na ji ɓangarorin biyu, na tsaya a kan zanen kai da kafaɗa, ba na kuma rataye shi a inda ake salla. Wanda ya ga barin abin ya fi masa kwanciyar hankali, ina ganin girmansa.

Kayan aiki. Idan ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce a ba ka fentin mai, galan za a miƙo maka na shafa wa ƙofa da taga, ba kuma shi ake nufi ba. Na masu zane a tub yake zuwa, ana matso shi, ana samunsa jefi-jefi a shagunan kayan makaranta na Sabon Gari, in ba haka ba sai ka yi saƙo Legas, kuma farashinsa dala yake bi. Allo kuwa 'Yan Katako na Na'ibawa na je aka yanko mini filawud mai kauri. Na goge shi da samfefa, na shafa geso, wato farin shafin da ake share fagen allo da shi kafin fenti, ya bushe na sake gogewa na sake shafawa, har ya yi sumul. Katakon oak ba namu ba ne, ban kuma wahalar da kaina nemansa ba.

Malam ya hana ni sayen kaloli da yawa. Fari, baƙi, rawayar ƙasa, jar ƙasa, ruwan ƙasa mai duhu da ake kira amba, sai ɗan ja mai kaifi na leɓe da gefen ido. Na ga kamar rowa ce yake koya mini, ashe shi ma Rembrandt yawancin launukansa na ƙasa ne, ƙasar da aka haƙo aka wanke aka niƙa. Baƙinsa daga ƙonannen ƙashi ne. Tub ma babu shi a zamaninsa, sai a 1841 wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro shi. Kafin nan yaran ɗakin aiki ne ke niƙa garin launi da mai a kan dutse.

Babban bambancin yana wurin fari. Nasa farin dalma ne, guba ne in ya shiga jiki, amma a aiki ba na biyunsa: yana da ɗumi a ido, yana bushewa da wuri, yana riƙe sawun burushi a tsaye. Namu na yau farin titaniyam ne, wanda ya shigo kasuwa wajen 1920. Shi mai sanyi ne, mai rufe komai, kuma duk kalar da ka zuba masa sai ya kashe mata kaifi. Idan ka haɗa launin fata da shi kai tsaye, matar za ta fito fari fat, ba jini a jikinta. Dole in riƙa karya shi da ɗan rawayar ƙasa tun kafin ya taɓa allo.

Man da ake damawa da shi man linsid ne, daga irin shukar da ake saƙa lilin da zarenta. Wani abokina ya ce me zai hana in yi da man gyaɗa, tunda garin gyaɗa muke. Ba zai yiwu ba, don man gyaɗa ba ya cikin mayukan da ke bushewa. Fentin mai ba tsanewa yake yi irin ta ruwa ba. Iska yake sha a hankali, ya daskare ya zama fata. Daga nan ne dokar farko ta fito, wadda Malam ya yi ta nanata mini: shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, a tsinka shi da tafentin, kowane shafi da zai hau kansa kuma a ƙara masa mai. In ka juya tsarin, na sama zai bushe alhali na ƙasa yana motsi, bayan wani lokaci aikin ya tsattsage. Wannan shan iskar kuma yana fitar da zafi, shi ya sa tsummokaran da suka jiƙe da man linsid, in aka dunƙule su aka jefa a lungu, suna iya kamawa da wuta da kansu. A zafin Kano wannan ba abin wasa ba ne. Ni shanya nawa nake yi a buɗe a tsakar gida, su bushe kafin in zubar. Kananzir kuma wanke burushi kawai nake yi da shi, in bi da sabulu, ba ya shiga cikin fenti.

Sai haske. Duk wanda ya karanta wani abu a kan zanen Turawa zai ga ana yabon tagar arewa, wai haskenta ba ya canzawa. Gaskiya ne a wurinsu, don Amsterdam tana wajen digiri 52 arewa da tsakiyar duniya, rana ta kudu take bi musu da tsakar rana duk shekara. Kano kuwa tana kan digiri 12. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta rana ta arewacinmu take wucewa, tagar arewa ta zama mashigar rana. Na yi sa'a aikina ya faɗo bayan wannan lokacin, tagar shagona kuma arewa take kallo. Duk da haka sai da na rufe rabinta na ƙasa da kwali don hasken ya riƙa saukowa daga sama. Da dare ba na aikin kala ko da akwai wuta, don abin da ka haɗa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, da safe za ka tarar da wani abu dabam.

Hoton da nake kallo iri biyu ne. Na sa an buga mini babba a takarda, amma injin ya mayar da duk inuwa baƙi ƙirin, rigar ta zama rami kawai. Shi na yi amfani da shi wajen awo: na raba shi murabba'i-murabba'i, na raba allona haka, na ɗauke zanen da gawayi. Kala kuwa sai a shafin intanet na gidan tarihin, inda ake iya jawo hoton kusa har ka ga sawun gashin burushi. Data ta sha wuya.

Na fara da shafe allon duka da amba tsararo, don kada farin geso ya riƙa ruɗa ido. Sannan na gina fuskar da launi ɗaya, ruwan ƙasa, duhu da haske kawai, ba ja ba rawaya. Masu zanen Holan na wancan zamani haka suke farawa. A wannan matakin Malam ya ce in riƙa ƙanƙance ido har sai tamojin ya ɓace mini, in ga abu biyu rak: ɓangaren da haske ya faɗa, da ɓangaren da ya juya masa baya. Goshi, karan hanci, ƙashin kunci, haɓa. In ƙoƙon kai bai zauna ba, duk adon da za ka ɗora masa a banza ne. Wannan matakin ba shi da daɗi, ba wanda zai leƙo ya yaba, amma a nan kama take shiga ko ta ƙi shiga.

Da na zo kan tamoji ne na gane dalilin da ya sa aka turo ni wurin wannan matar. A fensir, tamoji layi ne: ka ja baƙin layi, ka ɗan murza shi da auduga, an gama. Da na jawo goshinta kusa a waya sai na ga kusan babu layi. Kowane ninki na fata ɗan tudu ne da ɗan kwari. Gefen da ke kallon taga ya sami shafi mai kauri, mai haske, mai ɗumi. Gefen da ya juya ya sami launi mai duhu kaɗan, ja-ja ko toka-toka. Ido ne ke haɗa biyun ya ce ga tsaga. Kuma duhun ba ya kai yadda kake zato. Idan ka ɗauki launin da ke cikin tamojin goshi ka ajiye shi kusa da baƙin riga, za ka ga ashe haske ne shi ma. Sannan ba a jere suke reras ba. Wani ya fara ya katse, wani ya nutse a tsakiya ya ɓace a gefe, tsakanin girarta kuma fatar ta tattare wuri guda.

Fatar ma ba launi ɗaya ba ce. Akwai ruwan hoda a kumatu da kan hanci, rawaya-rawaya a goshi, toka mai sanyi a wurin da haske ke shirin komawa inuwa. Wannan tokar ta ba ni mamaki, don ido yana ganin shuɗi-shuɗi ko kore-kore a wurin, alhali ba shuɗi ko kaɗan a farantin da nake haɗa kala. Baƙi da fari ne kawai, amma da ka ajiye su kusa da launi mai ɗumi sai su koma shuɗi a ido. Farin ido kuwa ba fari ba ne, ya fi kumatun duhu. Abin da ke sa idon tsufa shi ne jan da ke gefen fatar ido ta ƙasa, da ɗan ɗigon haske da ke nuna danshi, da jakar fata da ta sauko ƙarƙashinsa. A ƙarƙashin haɓa kuma inuwar ba ta yi duhu ba, saboda farar kwalar tana mayar da haske sama. Inuwa gaba ɗaya siririya ce, har launin ƙasan allo yana leƙowa ta cikinta. Kaurin fenti na wurin haske ne.

Babban yaƙin da na yi da hannuna ne. Hannun ɗan fensir murza yake so. Da na ajiye launi biyu kusa da juna sai in ji yatsuna suna neman burushi mai laushi su haɗe su, su yi sumul. Ranar da Malam ya zo duba aikin, bai ce komai ba, ya ɗauki burushin nan mai laushi ya sa a aljihun rigarsa.

"Haɗa a faranti, ajiye a allo, ɗauke hannunka," ya ce. "In bai yi ba, kankare ka sake ajiyewa. Kada ka lallashe shi."

Har yau bai dawo mini da shi ba.

Wata la'asar Hajiya, kakata ta wajen uba, ta dawo daga barka a maƙwabta ta tsaya a bakin shagon. Ba ta saba leƙowa ba, warin tafentin yana damunta.

"Maigida, wace ce wannan ka ajiye a ɗaki kake ta kallo tun safe?"

"Amarya na yi, Hajiya. Na gaji da ke."

"To, da ka tashi yi mini kishiya ka rasa wadda za ka ɗauko sai wadda ta girme ni? Mene ne wannan ta sa a wuya kamar faifai?"

Ta matso, ta dubi na waya, ta dubi nawa, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta nuna bakin da ɗan yatsa.

"Waccan haƙoranta sun zube, dubi yadda leɓen ya shige ciki. Taka kuwa da sauran haƙora a bakinta."

Ba ta taɓa riƙe burushi ba, amma ta san bakin tsohuwa fiye da ni da Malam. Na kankare daga ƙarƙashin hanci zuwa haɓa, na rage tazarar da ke tsakaninsu, na bar leɓen sama ya zama ɗan siririn duhu. Nan take matar ta ƙara shekaru, kama kuma ta shigo. Sana'ar mijin kishiyar tata dai ban gaya mata ba.

Kwalar ba ta ba ni wahalar da na zata ba. Da na daina ƙirga ninkin, na ɗauke ta a matsayin zobe guda mai gefen haske da gefen inuwa, sai ta zauna. Yawancinta toka ce da ruwan ƙasa, farin gaske ɗan kaɗan ne a bakin ninki. Rigar ma haka, baƙi ne iri-iri, wani mai ɗumi wani mai sanyi.

Hunturu ne ya so ya ɓata mini aiki. Zafinmu yana sa fenti ya kama da wuri, amba ma kwana ɗaya ya ishe shi, saboda sinadarin manganis da ke cikinsa yana gaggauta bushewa. Amma fari da baƙi suna daɗewa da danshi, ƙura kuma ba ta neman izini. Ranar da hazo ya sauko, ko ka rufe ƙofa da taga za ka tarar ta kwanta a kan rigar, baƙin ya koma ruwan ƙasa. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in jingina allon fuskarsa na kallon bango, a ɗan karkace yadda ba zai taɓa ba, in kifa babban kwali a kansa, in kuma yayyafa ruwa a ƙasa kafin in yi shara. Banish kuwa, wato shafin ƙarshe mai ƙyalli da ke kare fenti, sai aikin ya yi aƙalla wata shida, don haka wannan sai bayan azumi.

Wani mai shagon kayan ɗaki ya gani ya ce zai saya ya rataye a wurinsa, har yana tambaya ko zan sa masa sa hannun Baturen a jiki don ya fi armashi. Na ƙi. Wurin da Rembrandt ya rubuta sunansa na bar shi fili, a bayan allon kuma na rubuta cewa kwafi ne daga aikinsa na 1634, na sa sunana da shekarar bana. Ban ma sayar ba.

Ra'ayina a kan aikin: kama ta fito, tsarin haske ya zauna, amma nawa ya fi nasa tauri. A nasa, gefen hular yana narkewa cikin bango a wasu wurare, a nawa kowane gefe yana tsaye ƙiƙam. Kuma akwai abin da kwafi ba zai taɓa ba ka ba. Shi mace mai numfashi ce a gabansa, tana gajiya, tana motsi, shi ya yanke shawarar abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Ni na tarar an riga an yanke mini duk shawarwarin. Malam ya tuna mini da ɗaliban Zariya na 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka kafa ƙungiya a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suna cewa a karɓi dabarar Bature amma a zana abin gida da ita. Ya ce in kwafa ɗaya, in na matsa biyu, sannan in fita daga gidan mutane.

To fitar ce yanzu nake ciki, kuma nan ne na ga iyakar abin da tsohuwar Holan za ta iya koya mini. Tsarin ya biyo ni: ƙashi kafin fata, inuwa siririya, haske mai kauri, tamoji tudu da kwari. Launukan ne ba su biyo ni ba. Hajiya baƙa ce mai ɗan ja, irin wadda ake ce wa wankan tarwaɗa. A farar fata, in kana son haske sai ka ƙara fari. A tamu, kana ƙara fari za ta yi furu-furu, ta fito kamar ba ta shafa mai ba. Hasken fatarmu iri biyu ne. Akwai na jikin fatar, wanda jar ƙasa da rawayar ƙasa da ɗan ruwan goro ke bayarwa. Akwai kuma ƙyallin da ke kan goshi da karan hanci da ƙashin kunci, wanda launin sararin sama ne ke faɗowa a kai, shi ya sa yake da sanyi, shuɗi-shuɗi. Dole na sayo shuɗi na ƙara a faranti. Inuwar kuma ba ta son baƙi, ta fi son amba da ja mai duhu. Rembrandt yana da wani aiki na 1661 da ya zana wasu maza biyu 'yan Afirka, yana gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Hague. Ina yawan buɗe shi in ga yadda ya bi da fatarsu, kuma in zan yi kwafi na biyu, shi ne.

Sannan fuskar Hajiya tana da abin da ta waccan ba ta da shi: bille a kunci ɗaya, wanda tsufa ya sa ya nutse cikin tamoji har sai ka lura za ka raba su, da kwalli da ba ta rabuwa da shi, da jan goro a leɓe.

Ta yarda za ta zauna mini, bayan la'asar, a tsakar gida, ba a cikin warin shago ba. Na ɗauka 'ya'yanta ne za su zo da maganar a gyara ta. Ashe ita ce da kanta.

"Ka ga, maigida, kada ka yi mini irin abin da aka yi wa kishiyata. Ka rage mini shekaru."

"Hajiya, ai shekarun nake so."

"Kai kake so. Fuskar taka ce?"

Ban sami amsa ba a lokacin, kuma har yanzu ina ganin tana da hujja. Na daɗe ina jin haushin masu cewa a share tamojin iyayensu, ban taɓa tsayawa na yi tunanin mai tamojin ma tana da ta cewa ba. Mun yi ciniki irin na Kurmi. Na bar mata zaɓen mayafi da ɗan kunne, na yi alkawarin kwalli zai fito sosai, zan kuma zaunar da ita inda haske zai zo ta gaba-gaba, don hasken gefe shi ke zurfafa kowane ninki. Ita kuma ta bar mini goshi da gefen ido yadda suke. Sharaɗinta na ƙarshe shi ne haƙorin Makka ya fito, don ba a banza ta je ta dawo ba.

Wannan ya jawo sabuwar matsala. Haƙori ba ya fitowa sai da murmushi, murmushi kuma ba ya zama a fuska tsawon zaman zane, yana ɗaya daga dalilan da suka sa yawancin mutanen tsofaffin hotuna bakinsu a rufe yake. Mun shirya zan gina kai da ido tana zaune, bakin kuma in ɗauke shi a waya lokacin da ƙanwata ke tsokanarta, in yi aiki da hoton. Zinaren kansa Malam ya ce kada in nemi wani fentin gwal: rawayar ƙasa a jiki, amba a gefe, ɗigo ɗaya na rawaya mai haske a inda rana ta taɓa. Allon na biyu yana jingine, geso ya bushe, ranar Asabar za mu fara in Allah ya kai mu.